Alfijir biyu

A harshen Ingilishi, farkon hasken safiya shi ake kira "dawn". Tushen kalmar ɗaya ne da na "day", wato yini, kuma ma'anarta ta asali ita ce ketowar yini daga cikin dare. Daga baya aka ara mata wata ma'ana: da ita ake bayyana lokacin da mutum ya gane abin da ya shige masa duhu. Bahaushe ma haka ya yi da "waye": gari na wayewa, kai ma na wayewa. Ƴan siyasa kuwa sun mai da ita kalmar alkawari, har kowace yarjejeniya ta zama "sabon alfijir" a bakinsu.

To, amma malaman fiƙihu sun daɗe da raba alfijir gida biyu. Na ƙarya yakan miƙe tsaye a sama kamar ginshiƙi, sannan duhu ya sake rufe shi. Ba ya shigar da lokacin sallar asuba, ba ya hana mai azumi sahur. Na gaskiya shimfiɗuwa yake yi a gefen gabas, yana yaɗuwa har ya game gari.

Mutanen Iférouane, a gindin dutsen Tamgak cikin ƙasar Abzin, sun ga iri biyun. Ranar 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar sulhu tsakanin gwamnati da ƴan tawayen Abzinawa, jama'a suka ɗauka gari ya waye. A watan Fabrairu 2007 sai ƙungiyar MNJ ta kai wa sojoji hari a Iférouane, wuta ta sake tashi. Nakiyoyi suka rufe hanyoyi, akasarin mazauna garin suka yi hijira, ba a ajiye makamai ba sai 2009.

Wannan ba ya nufin waɗanda suka sa hannu maƙaryata ne. Abin lura shi ne, sulhun da ya tsaya a takarda da fadar gwamnati, bai kai ga rijiya da makaranta da ɗakin shan magani ba, hasken ginshiƙi ne kawai. Gaskiya ce, komai nisan dare gari zai waye. Sai dai karin maganar ba ta ce kowane haske wayewar gari ne ba.

Mai lambun Iférouane ba ya yi wa asuba kirari. In ya ga haske ya bazu, sai ya ɗaura wa raƙumi igiyar guga, ya ba alkama da dabino ruwa tun rana ba ta yi zafi ba. A wurinsa, alfijir lokacin soma aiki ne.