Son Allah da Haƙƙin Wanda Ba Addininmu Ɗaya Ba

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai tambayar da ta daɗe tana kai-komo a zuciyata: shin son da nake yi wa Allah da ManzonSa ya wajabta mini cutar da wanda ba addininmu ɗaya ba? In kuma Kirista ya ce shi ma don son Allah yake aikata alheri, yaya zan ɗauki maganarsa? Kada wani ya ce ina ruwan mutanen Gamu da wannan. Samarinmu suna zuwa cin rani Damagaram da Kano, suna cuɗanya da Kirista a kasuwa da tasha da asibiti, kuma da tarbiyyar da muka ba su a gida za su fuskance su.

Ba mu manta da Juma'ar 16 ga Janairu 2015 ba. Bayan an sauko daga masallaci a Damagaram, jama'a suka fito nuna fushi a kan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga. Fushin yana da dalili, domin babu muminin da za a taɓa mutuncin Annabinsa zuciyarsa ba ta ƙuna ba. Amma sai aka ƙone coci-coci, washegari wutar ta isa Yamai, aka rasa rayuka kimanin 10 cikin kwana biyu. Waɗanda aka ƙone wa wuraren ibada ba su zana kome ba, ba su buga kome ba. An yi laifi a Faransa, an huce a kan maƙwabci.

To, da me ake auna so? Malamai sun karantar da mu cewa alamar son Allah ita ce bin ManzonSa. Sai mu dubi yadda shi ya yi. A shekara ta 10 bayan aike ya tafi Ɗa'ifa, mutanen garin suka sa yara da wawaye suka jefe shi har jini ya zuba. Da ya fake a wata gona, wanda ya kawo masa inabi wani bawa ne Kirista mai suna Addasu, mutumin Ninawa. Aka ba Manzon Allah zaɓin a halaka waɗanda suka ƙi shi, ya ƙi, yana fatan a sami masu kaɗaita Allah daga tsatsonsu. Kafin wannan, a shekara ta 5, ƙasar Habasha ya tura sahabbansa neman mafaka wurin Najashi, sarki Kirista, saboda adalcinsa. Da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya karanta masa Suratu Maryam, sarkin ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe.

A zamaninmu ma akwai abin lura. A rikicin Zangon Kataf na 1992, wanda ya bazu har Kaduna, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da ƴan'uwansa biyu, Fasto James Wuye kuma ya rasa hannunsa na dama. Kowannensu jagoran matasa ne a ɓangarensa, kowanne yana neman ramuwa. Sun haɗu a 1995. Ashafa ya ce huɗubar Juma'a a kan yafiyar Annabi a Ɗa'ifa ce ta karya masa zuciya. Wuye kuma ya faɗa da bakinsa cewa ya yi shekaru yana ɓoye niyyar kashe Ashafa, har wani fasto ya gargaɗe shi cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a zuci. Kowa daga cikin littafinsa ya sami abin da ya kwance masa ƙulli. Suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a Kaduna, Ashafa yana nan Musulmi, Wuye yana nan Kirista.

Wani zai ce: ashe wannan ba cakuɗa gaskiya da ɓata ba ne? Amsa ita ce abubuwa uku ne, kada mu haɗa su. Na farko aƙida: mun yi imani Allah ɗaya ne, Annabi Isa (AS) bawanSa ne kuma ManzonSa, kuma ba ma sassauta wannan don faranta ran kowa. Na biyu abin da ke cikin zuciyar mutum da yadda zai cika: wannan Allah kaɗai Ya sani. Najashi ya rasu Musulmi, har Annabi ya yi masa sallar ga'ibi a Madina. Na uku mu'amala: jinin maƙwabci da dukiyarsa da amanarsa haramun ne a kanmu, ko mene ne addininsa.

Saboda haka in Kirista ya ce yana son Allah, ba ni da mabuɗin ƙirjinsa. Abin da ke kaina shi ne in bayyana masa tauhidi da hikima, in kyautata masa, in yi masa fatan shiriya. Ta yaya zai saurari kiran wanda ya cinna wa ɗakinsa wuta?

Kowannenmu ya binciki kansa. In son Annabi bai hana ni zalunci ba, to in ji tsoro kada ya zama son zuciyata ne ya yafa mayafin addini.

Allah Ya azurta mu da sonSa da son ManzonSa, Ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, amin.