Kufai Yana da Masu Shi

Ya ɗan'uwa mai karatu, a ce wani ya ba ka aron na'urar neman ƙarfe ta mako guda. Ya kai ka bakin wani babban fili da aka daɗe ba a sa masa fartanya ba, ba gida, ba hayaƙi, ya ce maka, "Ga fili, ga mai doki." Ina za ka fara?

Tambayar nan ta zo ƙofar gidanmu. Tun da guguwar neman zinariya ta taso daga Sudan, ta ratsa Tibesti a Cadi a 2013, ta kai Jado a Nijar a 2014, samari suka san wannan na'ura. A kudu da Garwa, a yankin Mayo-Rey da gefen dajin Binuwai, mutane sun daɗe suna tona ramuka suna wanke yashi. Waɗansu kuma ba zinariya suke bi ba, tsofaffin kuɗi da mundaye suke fatan samu a inda kakanni suka binne.

Bari mu fara da na'urar kanta. Faifan da ke ƙasan sandar yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, in ya gamu da ƙarfe sai ta yi kuka a kunnenka. Ƙaramin abu kamar kwabo, in ya yi zurfin kamu ɗaya, da ƙyar take jin sa. A ƙasar marmara, mai yawan tama, takan yi kukan banza har ka gaji da tono. Kuma ba ta duba ko'ina sai daidai inda ka lilo da ita, wajen faɗin mita ɗaya. Yi lissafi. Hekta ɗaya mita dubu goma ce in an auna tsawo da faɗi. Kafin ka shafe ta kaf, sai ka taka kilomita 10 sannu a hankali. Fili mai hekta 40 zai ci kilomita 400, kusan tafiyar Garwa zuwa Marwa da dawowa. Mako guda ba zai kai ko'ina ba. Dole ka zaɓa, kuma na'ura ba za ta zaɓar maka ba.

Masu wayon aikin sun san abin da ido ke nema. Mai bin zinariya yana duban farin dutse da ya ratsa tudu, da kwanar rafi inda ruwa ke rage gudu ya ajiye abu mai nauyi. Mai bin kayan da kuwa yana neman kufai. Yana duban inda kukoki suka taru wuri ɗaya a tsakiyar daji, da tsohuwar tsamiya mai inuwa. Yana sunkuyawa ya ga tsingaro a ƙasa, da toka a tudun juji, da dutsen niƙa da ya lotsa, da kashin maƙera, da bakin rijiyar da ta rufta. In ya ga waɗannan sai ransa ya yi fari, ya ce a nan mutane suka zauna, a nan za a samu.

To, dakata a nan, ɗan'uwa. Ka ji abin da ya faɗa da bakinsa? A nan mutane suka zauna. Alamar da ta nuna masa inda zai tona ita ce ta shaida masa cewa wurin na wani ne. Dutsen niƙan nan hannun wata uwa ne ya lotsa shi. Kusa da kukar nan akwai kusheyi. Iyakar gwanintarka wajen karanta ƙasa, iyakar ƙarancin hujjarka ta cewa ba ka sani ba. Wanda ya yi ta lilo da na'ura a daji barkatai yana iya cewa tsintuwa ya yi. Wanda ya miƙe kai tsaye zuwa inda ɗakin maigida yake a da, ya san abin da ya kai shi.

Za ka ce mini, ai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na san karin maganar. Amma ka tambaya, me ya raba su da gidan? Wani filin saura ce kawai, ana hutar da ita, mai ita yana ƙirga damuna. Tun shekarun 1970 iyalai da yawa suka sauko daga duwatsun Mandara da kewayen Kaele zuwa kwarin Binuwai neman ƙasar noma da auduga. Da yawa daga cikin masu karanta wannan takarda 'ya'yansu ne. In aka ce maka wani baƙo yana tona kangon kakanka a kan dutse da na'ura, domin ya ga ba kowa, za ka ce gida ya bar ku? Sa'an nan ga na kusa. Daga 2014 rikicin Boko Haram ya kori mutane daga ƙauyukan iyaka a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga. Mutumin da ya gudu da dare ba ya tsayawa tono abin da ya binne a ƙarƙashin gado. Yana nan da rai a Mora ko a sansanin Zamai, bai manta da wurin ba, yana iya nuna maka shi da yatsa.

Littafin Sarakuna na Biyu, sura 8, ya ba da labarin irin wannan. Macen nan ta Shunem ta bar ƙasarta shekara bakwai saboda yunwa. Da ta komo ta kai kuka wurin sarki, sarki kuwa ya sa a mayar mata da gidanta da gonarta, har da amfanin da gonar ta bayar tun ranar da ta tafi. Shekara bakwai ba su kashe hakkinta ba. Samari kuma sukan kawo mini misalin dukiyar da aka ɓoye a gona, a Matiyu 13:44, suna murmushi. Misalin yana magana a kan darajar Mulkin Sama, ba darasin ciniki ba ne. Duk da haka ku lura, mutumin bai kwashe ta da dare ba. Ya san gonar tana da mai ita, sai da ya saya.

Dokar ƙasa ma ba ta san fili marar mai shi ba. Bisa dokar filaye ta Kamaru ta 1974, ƙasar da ba ta da takardar mallaka tana ƙarƙashin kulawar gwamnati. Ma'adinin da ke cikin ƙasa na gwamnati ne, tono shi sai da izini. Dajin Binuwai kuwa, da aka mai da shi gandun ƙasa a 1968, tsararre ne, ko da ido bai ga kowa a ciki ba.

Akwai waɗansu masu riƙe irin wannan na'ura da nake so ka tuna da su, wato sojojin da ke neman nakiyoyin da aka binne a hanyoyin iyaka. Su ma fili ya fi ƙarfinsu, su ma dole su zaɓa. Sukan fara da hanyar da motar kasuwa za ta bi, da inda ƙafar mutane za ta taka gobe. Ido ɗaya ne, ilimi ɗaya ne na sanin inda ɗan Adam ke zirga-zirga. Ɗaya yana amfani da shi domin masu wuri su komo, ɗaya kuwa yana gaggawa kafin su komo.

Saboda haka neman yana farawa ne a zauren jauro ko lawan, kafin a kunna na'ura. Matambayi ba ya ɓata. Tsofaffi za su gaya maka gonar wane ce, ina maƙabarta take, ina zuriyar suka koma. Ba zan ɓoye maka ba, wannan hanya tana da tsada. Wataƙila a hana ka. Wataƙila a ce sai an raba. Wataƙila maganar ta fita, wani marar kunya ya riga ka zuwa da dare, kai kuwa ka mayar da na'urar aro hannu wofi, ga bashin abinci da na batir a wuyanka. Kuma wuraren da za a cire maka su ne waɗanda idonka ya fi so. Abin da zai rage shi ne yashin rafi da tudun duwatsu inda ba wanda ya taɓa kafa murhu, inda za ka iya yini ba ka ji kukan kirki ko sau ɗaya ba.

In kuwa an bincika aka tarar zuriyar ta ƙare, ba magaji, kusheyin dai a bar su. Abin da ya fito a sauran wurin a kai shi gaban jauro a yi cigiya, tsohon abu na tarihi kuma a sanar da hukuma. A kewayen Garwa, inda Jamus ta yi yaƙi da Ingila da Faransa har garin ya faɗi a watan Yuni na 1915, ƙarfen da ya sa na'ura kuka yana iya zama tsohon harsashin igwa, kada ka buga masa diga. Kowane ramin da ka tona kuma, ka cike shi kafin ka matsa gaba, gama da rani shanun Fulani za su bi ta nan da duhu.