Tallar 'Yan Takara da Hankalin 'Ya'yanmu

'Yan'uwa, duk lokacin da zaɓe ya gabato, garuruwanmu sukan sake kama. Daga Lafani har kasuwar Illela, da wuya a ga bangon da babu hoton ɗan takara. Motoci masu lasifika suna kewaye unguwanni, waƙoƙin yabo kuma suna tashi daga rediyo da wayoyin hannu. 'Ya'yanmu na makaranta sukan haddace waɗannan waƙoƙi tun kafin su cika shekara 18 da doka ta yanka domin jefa ƙuri'a. To, shin daidai ne malami ya koya wa yaro auna maganar manya, alhali mun tarbiyyantar da shi bisa ladabi? A ganinmu daidai ne, har ma wajibi ne, gama wanda bai iya awo ba, kowane mudu aka miƙa masa zai karɓa.

Mu fara da alama. Dattawanmu suna tune da zaɓen 1979, sa'ad da jam'iyyar NPN ta ɗauki gida da masara, PRP kuma ta ɗauki mabuɗi. A 1993 SDP ta zo da doki, NRC da mikiya. Gida da masara sun yi alkawarin muhalli da abinci ba tare da furta kalma ɗaya ba. Haka talla take aiki: takan shiga zuciya kafin hankali ya farka. Ya kamata ɗalibi ya san wannan, domin ya raba daɗin waƙa da gaskiyar abin da take faɗi.

Sa'an nan a koya masa tambayoyi uku. Ta fari: wane ne ya biya kuɗin wannan talla, me kuma yake nema? Ta biyu: kujerar da mutumin yake nema tana da ikon cika alkawarin? Misalin yana ƙofar gidanmu. A watan Agusta 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ciniki tsakanin Illela da Birnin Ƙonni ya durƙushe, sai a Disamba 2020 aka buɗe. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 an sake rufewa, har Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Duka daga Abuja umarnin ya fito. Saboda haka idan mai neman shugabancin ƙaramar hukuma ko majalisar jiha ya ce shi zai buɗe iyaka, ya sayar da abin da ba nasa ba. A tambaye shi maganar rijiya, da asibiti, da rufin aji. Ta uku: me ya aikata da amanar da aka taɓa ba shi? Gani ya kori ji.

Ya dace kuma ɗalibi ya san cewa kamfe yana da iyaka. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta hana zagi da kalaman da ke tunzura ƙiyayyar addini ko ƙabila, ta kuma hana yaƙin neman zaɓe a wuraren ibada. Tallar da ba ta da abin faɗi sai addinin abokin hamayya ta riga ta tona asirin kanta.

Amma akwai ramuka biyu a wannan hanya. Na farko, malami ya mai da aji dandalin jam'iyyarsa. Wannan cin amana ne. Mudun da ya auna wanda yake ƙi, da shi zai auna wanda yake so. Na biyu, yaro ya tashi yana cewa dukansu ɗaya ne, ya zauna a gida. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba. Fid da zuciya irin wannan ba wayo ba ne, barin gona ne ga ɓarawo.

A ƙarshe, aikin ba na malamai kaɗai ba ne. Yaron da ya ga iyayensa sun musanya ƙuri'a da taliya ko turmin atamfa, darasin aji ba zai zauna masa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bari mu zauna da 'ya'yanmu idan talla ta wuce a rediyo, mu yi tambayoyin nan tare da su, domin ranar da suka shiga rumfar zaɓe, lamirinsu ya yi musu jagora.