Ritaya da Amanar Lokaci a Mahangar Musulunci

Ritaya baƙuwar al'ada ce da ta shigo ƙasar Hausa tare da aikin albashi. Manomi ba ya ajiye fartanya sai ƙarfi ya gaza, ko a nan ma yakan zauna a gindin bishiya a bakin gona yana gyara wa 'ya'yansa aiki. Haka maƙeri, haka malamin zaure. Ma'aikacin gwamnati kuwa doka ce take yanke masa rana. A Najeriya yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Dokar 2022 ta kai wa'adin malaman firamare da sakandare zuwa 65 ko 40, farfesoshi kuma sai sun kai 70. Ke nan wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 22 zai dawo gida yana da 57, da lafiyarsa da hankalinsa, ga yini guda cur a hannunsa kullum.

Tambayar da addini yake ɗorawa a nan ita ce matsayin wannan yinin: ladan wahala ne da mutum zai kashe yadda ya ga dama, ko amana ce da za a tambaye shi? Nassi ya karkata ga na biyu. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi biyu ne da mutane da yawa suke tafka asara a kansu, kuma babu wanda ya haɗa su biyun kamar sabon ɗan fansho. Wani hadisin na Buhari, daga Abu Huraira, ya nuna cewa uzuri ya yanke ga wanda Allah Ya kai shi shekara 60. Abin lura ne yadda wannan adadi ya zo daidai da shekarun ritaya, ko da yake dokar aiki ba daga hadisi ta ɗauko shi ba. Ƙarshen Suratus Sharhi ma umarni ne ga Annabi (SAW) cewa in ya gama wani aiki ya miƙe ga wani, malaman tafsiri kuma sun ɗauko daga nan cewa zaman kashe wando bai dace da mumini ba.

Wasu suna ganin tanadi don bayan ritaya kamar rauni ne a tawakkali, suna cewa bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Gaskiya ne, amma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi (SAW) yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara, Annabi Yusuf kuma ya tsara wa Masar ajiyar hatsi ta shekara bakwai. Tsarin fansho na karo-karo da Najeriya ta kafa a 2004, aka gyara a 2014, inda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba 10, ɓangare ɗaya ne kawai na wannan tanadi. Duk wanda ya taɓa ganin dattawa a layin tantancewa, riƙe da tsofaffin takardu a cikin leda, suna jiran haƙƙin da ya makale, ya san dogaro da fansho kaɗai ganganci ne. Kuskuren da ya fi yawa kuma shi ne a karɓi giratuti a zuba shi gaba ɗaya cikin sana'ar da ba a taɓa yi ba: kiwon kaji ko motar haya. Sana'ar da za ta riƙe mutum bayan ritaya ana koyon ta ne tun ana ɗaukar albashi, lokacin da faɗuwa ba za ta taɓa tukunyar gida ba.

Sai dai kuɗi ba su ne mafi wuyar al'amarin ba. Mutumin da aka saba miƙe wa idan ya shigo ofis, wayarsa ba ta hutawa, yakan wayi gari wayar ta yi tsit. Daga nan wasu suke komawa majalisa tun hantsi har la'asar, ana tattauna siyasa da laifin mutane, wasu kuma su tare a gida suna sa ido a kan cefane da madafa har su gunduri iyali. Maganin da aka fi ba da shi shi ne “a koma ga Allah”, kuma magana ce mai kyau, in dai ba a taƙaita ta ga sahun farko da carbi ba. Ibada a Musulunci ta haɗa da sulhunta dangi, da koyar da yaran unguwa lissafi, da tsohon akanta ya gyara wa kwamitin masallaci littafin kuɗi, da tsohuwar unguwarzoma ta riƙa duba masu juna biyu na maƙwabta. Hadisin da Ahmad ya ruwaito daga Anas, wanda ya kwaɗaitar da dasa ɗan itacen da ke hannu ko da Alƙiyama na shirin tsayawa, ya rushe hujjar mai cewa ya tsufa da fara sabon abu.

Tarihin Sakkwato yana da misali na kusa. Bayan an ci Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya danƙa tafiyar da mulki ga ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya zauna a Sifawa yana karantarwa yana rubutu, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Abin da ya sauƙaƙa masa ajiye mulki shi ne yana da aikin da ya girmi mulkin, wato karantarwa, wadda ya fara tun yana saurayi a Dagel. Ma'aikacin da bai gina wa kansa irin wannan ba a shekara 35 na aiki, da wuya ya gina shi a watan da aka miƙa masa takardar sallama.