MUTUM NE, KO MAZAUNINSA?

Sau da yawa mukan ce wane an haife shi shugaba, wane kuwa ba shi da baki cikin taro. Amma ko wannan shari'a tamu daidai ce? Bari mu duba wani gwaji.

A shekara ta 1951 wani masani a Amurka, Harold Leavitt, almajirin Alex Bavelas, ya buga labarin gwajin da ya yi a makarantar MIT. Yakan zaunar da mutum 5 a tebur, da katako tsakaninsu domin kada su ga juna. Kowa yana da kati mai alamu 5, amma alama ɗaya kaɗai ke cikin katin dukansu. Aikinsu shi ne su gano ta, ta wurin miƙa wa juna 'yan takardu.

Waɗansu an jera su kamar zobe, kowa yana aika wa na damansa da na hagunsa. Waɗansu kuwa ba hanya sai ta hannun mutum ɗaya na tsakiya. Ga lissafin: a ƙidaya hannu nawa takarda za ta sauya kafin ta kai ga kowane ɗaya cikin sauran huɗu, a tara duka. A zobe, na kowa 6 ne. A ɗaya tsarin, na tsakiya 4, sauran kuwa 7-7.

Masu na tsakiya suka gama aiki da takardu kaɗan da kuskure kaɗan. Da aka tambaye su wane ne shugaba, suka nuna na tsakiya, ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Shi ne kuma ya ji daɗin aikin, na gefe ransu bai so ba. 'Yan zobe suka fi yin kuskure, ba su da tsayayyen shugaba, amma suka fi murna.

Ashe, abin da muke kira hali, wani lokaci mazauni ne kawai. Saboda haka kada na tsakiya ya yi fahariya, gama hanya ce ta biyo ta ƙofarsa. Kada kuma mu rena mai shiru tun ba mu tambaya ko labari yana kai gare shi ba.

Duk da haka lissafi ba ya kuɓutar da kowa daga alhaki. Yana faɗa mana inda mutum ke zaune, ba ya faɗin abin da zai yi da takardar da ke hannunsa. Ko ya miƙa ta da gaskiya, ko ya danne, wannan nasa ne. A kan wannan ya kamata mu auna shi, mu auna kanmu kuma.