Bakwaini Ma Na Ubangiji Ne

Karatu: 1 Korantiyawa 15:3-10

'Yar'uwa cikin Kristi, wataƙila yau kina zaune bakin kwalbar da aka sa jaririnki a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, bayan doguwar tafiya daga Gwaram cikin naƙudar da ba ki shirya mata ba. Wata bakwai bai cika ba, ga shi ya iso, tafin hannunki ya kusa rufe bayansa. 'Yan barka ma sun rasa abin cewa.

Duba aya ta 8. Manzo Bulus ya kwatanta kansa da ɗan da aka haifa kafin lokacinsa, bai kuwa ji kunyar faɗa ba. Alherin Allah ne ya raine shi har ya kai bishara Roma.

Na sha jin masu cewa bin umarnin likita rashin bangaskiya ne. Ban yarda ba. Idan an sallame ku, ɗora shi a ƙirjinki fata da fata, musamman da hunturu, ki ba shi nono a kai a kai. Kai kuma maigida, ƙirjinka ma yana da ɗumi, karɓe ta ta runtsa. Matan zumunta, ku kawo tuwo da itace, ku yi masa addu'a, amma kada a riƙa yawo da shi hannu zuwa hannu.

Idan ɗan maƙwabciya ya riga shi zama ko rarrafe, ƙirga watanninsa daga ranar da ya kamata a haife shi.

Addu'a: Ya Uba, kai ka san nauyinsa na yau. Ka riƙe numfashinsa a daren nan, cikin sunan Yesu. Amin.