Haƙƙin Mai Lafiya a Kan Mai Magani

Kowa ya san rigakafi ya fi magani, amma ba kasafai muke tono abin da ke ƙarƙashin wannan magana ba. Majinyaci in ya sha ɗaci ya san dalili, ciwo ne ya kai shi. To, shi kuma wanda aka iske garau aka ce ya haɗiyi ƙwaya saboda cutar da ba ta zo ba fa? A ganinmu haƙƙinsa ya fi na majinyaci nauyi, domin in maganin ya cutar da shi, mu muka kai masa cutar har gida.

Mu dubi zazzaɓin cizon sauro. A tsakiyar shekarun 1980 an daina bai wa matafiya Fansidar da amodiyakwin kowane mako don rigakafi, saboda na farkon ya saɓule wa wasu fata, na biyun kuma ya taɓa jini da hanta. Sai ga shi a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa bai wa yaran yankin Sahel waɗannan magunguna biyu sau ɗaya a wata lokacin damina, bayan gwaje-gwaje a ƙasashe irin su Senegal da Mali da Burkina Faso. Tsarin shan ya bambanta, illar da aka fi gani ita ce amai, kuma yara da yawa sun tsira. Wannan ba abin musu ba ne.

Sai dai gwaji yana da iyaka. Masana lissafi sun ce ko an gwada magani a kan mutum 3,000 ba a ga illa ba, tana iya laɓewa a jikin mutum ɗaya cikin 1,000. Ashe ke nan sa ido ba ya ƙarewa ranar da aka rufe littafin bincike.

Wa ke sa idon? Ma'aikacin lafiya yakan ba da na ranar farko ya wuce, uwa ce ke ba da na sauran kwana biyun. Ita za ta fara ganin ƙuraje ko idon yaro ya yi ɗorawa. In ta kai ƙara aka ce mata haƙori ne, ba a rubuta ba, to a takarda yaron nan lafiyarsa ƙalau. Mu da muka ga yadda gwajin Trovan na 1996 a Kano ya shiga cikin dalilan ƙin allurar shan-inna a 2003, muna ganin mai raba maganin ya kamata ya komo ya tambayi uwar, ya kuma rubuta amsarta yadda ta faɗa.